GT3 ko Turbo S, wacce zaka ɗauka in kana Zariya?

To Alhaji, in Allah ya hore ma kuɗi kana tsaye tsakanin motocin Porsche 911 GT3 da 911 Turbo S, fara duba ina zaka dinga hawa da ita. Dukansu ƴan Stuttgart ne a Jamus, injin a baya yake, silinda 6, amma halinsu daban.

GT3 ɗin 2021 injinta lita 4.0 ne babu turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), ƙarfin doki 510, injin yana juyawa har sau 9,000 a minti, kukanta kaɗai sai ya tada ma tsigar jiki wallahi, kuma tayoyin baya ne kawai ke ja, ana samunta da giyar hannu mai 6 ga mai son canja giya da kansa. Sai dai tana da tauri sosai, don filin tsere aka yi ta, kujerar baya ma babu.

Turbo S ɗin 2020 kuwa turbo biyu, doki 650, tayoyi huɗu ke ja, otomatik ce kawai, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa daƙiƙa 2.7 take ɗauka. Ta fi laushi, ni ita zan ɗauka in zirga-zirgar Zariya zuwa Kaduna ce, ko gosulon PZ da Kwangila.

Kowacce ka zaɓa ka tabbata tana da na'urar ɗaga hancin mota, in ba haka ba kunyar kan titin Samaru zata cinye bamba. Ka tambayi takardun kwastan, sannan ka nemo bakaniken da ya san Porsche tun kafin ka biya, ga kuma maganar fetur mai kyau don injin nan baya son gauraye.