Kurakuran da ke kai ƙananan 'yan kasuwar Yamai gaban alƙali

Na daɗe ina sayar da kayan gini a kusa da kasuwar Katako, kuma yawancin rigingimun da na ga sun kai kotu ba tsakanin macuta suka taso ba. Mutanen kirki ne suka yarda da juna, suka sha hannu, kowa ya kama gabansa babu ko layi ɗaya a rubuce. Bayan shekara biyu kowa ya tuna maganar yadda ta yi masa daɗi. A wurinmu in ka ce a rubuta, sai a ce ba ka yarda da mutum ba, alhali aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne hayar shago. Ka kama wuri, ka yi fenti, ka kafa kanta, ka yi shekara huɗu har unguwa ta san ƙofarka. Kwatsam mai gida ya aiko: "Alhaji, ɗana ya dawo, yana son wurin, ka tashi ƙarshen wata." Da yawa sai su kwashe kaya suna ta ba da haƙuri, don ba su san doka tana bayansu ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka sa wa hannu a 1993, kuma dokar kasuwancinta ta amince da hayar wurin sana'a ko a rubuce take ko da baki. Wanda ya yi shekara 2 yana sana'arsa a wurin bisa sharuɗɗan da aka yi, ya samu haƙƙin a sabunta masa haya. In ba a yanka wa'adi ba tun farko, mai son raba gari sai ya ba da sanarwar wata 6, ta hannun wisiye, wato jami'in da ke isar da takardun shari'a, ko wata hanyar da za ta tabbatar saƙo ya isa. Mai gidan da ya ƙi sabuntawa ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, kamar ƙin biyan haya ko rushe gini don sake shi, diyya ce a kansa.

Sai dai wannan haƙƙi yana kuɓucewa cikin sauƙi. Idan takardarku ta ce shekara 3, kai ne za ka nemi sabuntawa, aƙalla wata 3 kafin wa'adi ya cika. Ka yi shiru har lokacin ya wuce, ka rasa. Haka wanda ya yanki gefen shagonsa ya ba mai cajin waya haya ba da iznin mai gida ba, ya miƙa wa mai gida sandar dukansa. Sannan rasit. Na san wanda ya biya haya shekara shida hannu da hannu, da mai gida ya rasu magada suka ce suna binsa wata goma sha huɗu, ba shi da abin nunawa. Littafin rasit bai kai kuɗin shayin safe na mako ba. Ka saya da kanka, ka riƙa kai wa mai gida yana sa hannu.

Masu rumfa a bakin titi kuwa, takardar ma'aikatar magajin gari izni ne na ɗan lokaci, ba ta mallaka maka fili. Wanda ya ga rusau ɗin 2016 a Yamai ba ya bukatar dogon bayani. Kada ka zuba jarinka cikin bulo a wurin da ba naka ba.

Wasu kuma gudun rajista suke yi don tsoron lanho, wato haraji. Tsoron yana da dalili, amma ɓuya ba ta hana ma'aikatan haraji zuwa, sai dai ta hana ka ciniki mai tsoka. Ba ka da lambar RCCM ta rajistar kasuwanci, ba ka da NIF ta haraji, to babu ma'aikatar gwamnati ko ƙungiyar agaji da za ta karɓi takardar farashinka. Sai ka ari sunan wani, kuɗin su faɗa asusunsa, ka koma roƙon abin da yake naka. Maison de l'Entreprise, ma'aikatar da ake rajistar kasuwanci a cikinta, ta haɗa waɗannan takardu wuri guda, kuma tun gyaran dokar OHADA na 2010 akwai matsayi mai sauƙi ga ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai yake yi. In ka rufe shago ma ka je ka shaida wa ma'aikatan haraji a rubuce, in ba haka ba suna nan suna lissafa ka a matsayin mai aiki.

Haɗa jari da ɗan'uwa ko aboki shi ma yana da tarko da mutane ba su sani ba. Ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya tsaya a shago, babu takarda. Kotu tana iya ɗaukar ku a matsayin kamfani ko da ba ku yi rajista ba, kuma a nan bashin da abokinka ya ci da sunan sana'ar ana iya bin ka shi gaba ɗaya, har cikin dukiyar gidanka. Ku rubuta abin da kowa ya zuba, yadda za a raba riba da asara, da abin da za a yi in ɗaya ya rasu ko ya so fita. In harka ta girma, nau'in kamfanin da ake kira SARL yana tsayar da asarar kowa a kan jarin da ya sa.

Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, ba a kasuwa sai da shi. Kuskuren shi ne kai wanda kake bi bashi komisariya. Bashin ciniki ba laifin ɗauri ba ne in babu zamba, kuma Yamai tana da kotun kasuwanci tata. Akwai gajeriyar hanya da alƙali ke ba da umarnin a biya, amma sai ka nuna adadi tsayayye da lokacin biya da ya wuce. Jira ma yana kashe haƙƙi: shekara 5 ga yawancin basussukan kasuwanci, shekara 2 kacal ga cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa. Kunya ta sa mutane da yawa sun wuce wannan wa'adi suna cewa "bari dai ya samu."

Yaron shago shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Muna cewa ɗanmu ne, muna ba shi na abinci. Amma in yana zuwa kullum, yana bin umarninka, kana biyansa, dokar aiki ta 2012 ma'aikaci take kallonsa. Mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 a wata tun farkon 2024, kuma wajibi ne a yi masa rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Ranar da buhun siminti ya karya masa ƙafa, ko ka kore shi cikin fushi ya kai ƙara wurin sufetan aiki, tambayar farko ita ce yaushe ya fara da nawa kake ba shi. Ka buɗe masa shafi a littafinka tun yau, da ranar da ya kama aiki, ya riƙa sa hannu ko dangwala yatsa duk ƙarshen wata.