Yadda ake fita shan iska a duwatsun Jos don ƙwaƙwalwa ta huta

Wanda ya wuni a shago a Terminus, ko a ofis gaban kwamfuta, ko yana jan keke tsakanin Farin Gada da Bauchi Road, bai ɗauki buhu ko ɗaya ba, amma da yamma lissafin canji sai ya nemi gagararsa, magana kaɗan ta harzuƙa shi. Abin da ya gaji shi ne ƙarfin tattara hankali. Duk wunin yana tilasta wa kansa ya bi abu ɗaya ya kau da kai daga goma: hon ɗin mota, ƙarar janareto, mai ciniki, saƙon waya. Rachel da Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan a Amurka sun yi bayanin wannan tun a shekarun 1980. A cewarsu, motsin ganye, gudun ruwa da tafiyar gajimare suna jan hankali a hankali ba tare da mutum ya yi wani yunƙuri ba, kuma a wannan tsakanin ne sashen da ya gaji yake farfaɗowa. Shi ya sa kwanciya a ɗaki ana latsa waya ba ta biyan wannan buƙata, don aikin da aka gudo ne ake ci gaba da yi.

Awa nawa ake buƙata

Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan mutum kusan 20,000 a Ingila ya gano cewa masu yin aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa, bakin ruwa ko fili sun fi sauran faɗin cewa suna jin lafiya da walwala. Kuma babu bambanci ko an yi awa biyun a fita ɗaya ko an rarraba su. Wani ƙaramin bincike na mutum 36 a Michigan, shi ma a 2019, ya auna sinadarin damuwa na kotisol a yawu, ya ga ya fi saurin sauka tsakanin minti 20 zuwa 30 na zama ko tafiya a irin waɗannan wurare.

To, ga mutumin Jos lissafin mai sauƙi ne: minti 30 sau biyu a tsakiyar mako a wuri na kusa, sannan awa ɗaya ko fiye ranar da babu aiki. Wannan ya fi shirya gagarumar tafiya sau ɗaya a shekara da hayar mota da tukwanen shinkafa. Waccan yawon buɗe ido ce, tana da daɗinta, amma sau da yawa mutum kan dawo daga ita ya fi yadda ya tafi gajiya.

Zaɓen wuri

Na tsakiyar mako kada ya wuce tafiyar minti 15 daga gida ko wurin aiki, in ba haka ba mako uku ba za a yi ba ka daina. Jos ta yi sa'a a nan, unguwa da wuya ka rasa tsauni ko falalen dutse a bayanta. Sharaɗi uku ne: ka iya hango nesa, ƙarar titi ta ragu har ka ji kukan tsuntsu, kuma mutane na wucewa jefi-jefi. Wurin da babu kowa sam ba shi ake nema ba, don hankalin da ke fargaba ba ya hutawa.

Na ƙarshen mako akwai zaɓi. Gandun namun daji na Jos da ke hanyar Miango, wanda aka kafa a 1972, yana da hanyoyin tafiya a ƙarƙashin inuwa, sai dai ka kauce masa lokacin Sallah da Kirsimeti, don cika yake yi maƙil. Bakin dam ɗin Lamingo da tafkin Rayfield sun dace da mai son zama kusa da ruwa. Duwatsun Shere a gabashin gari, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829 alhali garin kansa yana wajen mita 1,200, na mai ƙarfin gwiwa ne, kuma ba a shiga can sai da ɗan gari da ya san hanya. Dajin Amurum a Laminga wurin bincike ne na APLORI, cibiyar nazarin tsuntsaye, sai an nemi izini kafin a shiga. Magangarar ruwa ta Assop a wajen Hawan Kibo tafiyar wuni ce, ba ta yamma ba.

Duk inda za ka, tambayi halin da yankin yake ciki a wannan makon, daga bakin wanda ke zaune can. Kowa a Filato ya san wurin da ke lafiya a watan jiya yana iya zama wurin kaucewa yau. In ka bi ta ƙauye, yi sallama, gaida dattawan da ka tarar, faɗi abin da ya kawo ka. Wasu duwatsu da kurmi wuraren al'ada ne ga masu ƙasar, ba a hawa haka kawai. Kada ka ratsa gonar dankalin turawa ko ta acca don neman gajeriyar hanya.

Lokaci da kaya

Bayan sallar Asuba da gari ya waye sosai, ko bayan La'asar, su ne lokuta biyu mafi kyau. Na safe ya fi: tsuntsaye sun fi kuka, rana ba ta yi zafi ba, kuma a damina hadari ya fi haɗowa da rana zuwa yamma. In na yamma ne, ka tuna rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri. Raba lokacinka uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na zama, ɗaya na dawowa, ka kasance a bakin titi kafin kiran Magariba.

Kaya kaɗan ne. Takalmi rufaffe mai ƙasan roba, kambas ya wadatar. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ne ke kayar da mutane a kan dutse. Dogon wando. Ruwa rabin lita duk awa ɗaya ta tafiya, wato ledar fiya wata ɗaya, da ƙarin ɗaya na alwala in lokacin salla zai riske ka, kuma ledojin su dawo a aljihunka. Dabino ko gyaɗa cikin hannu, sanda, da ƙaramar sallaya wadda za ta yi maka abin zama. Daga Disamba zuwa Janairu ƙara rigar sanyi da hula, ka shafa man kaɗanya a leɓe. Iskar kan dutse da sassafe ta fi ta cikin gari cizo nesa ba kusa ba.

Waya a tafi da ita cike da caji saboda tsaro, amma a kashe data, a rufe mata baki, a jefa ta can ƙasan jaka. Kafin ka fita, faɗa wa mutum ɗaya a gida inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Abin da ake yi in an isa

A nan ne yawancin mutane ke ɓata abin. Minti goma na farko ka yi tafiya a hankali, irin takun da za ka iya magana ba tare da haki ba. Tunanin bashi, haya da kuɗin makaranta zai biyo ka, har ma ya fi ƙarfi da farko saboda babu hayaniyar da ke danne shi. Wannan ba alamar abin bai yi ba ne. Kamar ruwan rafi ne da aka ɗebo a bokiti, sai an bar shi ya zauna kafin lakar ta kwanta.

Samu falalen dutse, buga sanda a gefensa, duba ƙarƙashi da tsagoginsa, sannan ka zauna ka ba iska baya. Fara da kunne: ƙirga sautuka daban-daban har biyar, kukan kurciya, iska cikin ciyawa, zakara daga ƙauyen ƙasa, duk abin da ya samu. Sai ido: kalli abu mafi nisa da kake iya hangowa na minti biyu, don idon da ya wuni a kan allo ko takarda ya saki. Daga nan dawo da shi kan abu ɗaya na kusa ka tsaya a kansa. Ƙadangare ya isa. In ka yi shiru minti biyar zai fito daga tsaga, ya bazu a inda rana ta bugi dutsen, ya ɗaga ƙirji ya gyaɗa jan kansa sau biyu ko uku, ya zabura ya cafke tururuwa ya koma. Wanda ya bi wannan da ido tun daga farko har ƙarshe zai tarar numfashinsa ya sauka da kansa. In bai sauka ba, ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, sake ta kana ƙirga shida, sau goma. Mai tasbihi ya yi abinsa. Minti 20 a zaune ya wadatar.

Abokin tafiya ɗaya ko biyu ya isa, ku yi yarjejeniya tun daga gida: hira a hanya, shiru a wurin zama, ba siyasa, ba lasifika. Mata su fita su uku ko tare da ɗan'uwa, su zaɓi wuri mai mai gadi a ƙofa. Hoto a bar shi sai an tashi tafiya, don da zarar an ɗauki ɗaya an koma duba wanda ya fi kyau da wanda za a tura wa.

Abubuwan da ke jawo matsala

Kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi suna da kyan gani, amma ramuka ne masu zurfi da gefe a tsaye, ƙasansu laka, ruwan can ciki da sanyi. Taku biyu daga baki ƙafa ta daina taɓa ƙasa. Ba a wanka a ciki, ba a barin yaro ya matsa. Ruwan da ke kwance kuma yana iya ɗauke da tsargiya.

A damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, tsawa ce babbar barazana a kan tudu. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji rugugi. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ƙirgen bai kai daƙiƙa 30 ba, sauka nan take, kada ka fake ƙarƙashin itace guda da ke tsaye shi kaɗai, kuma kada ka koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka santsi ne da shi, kuma saukowa ta fi hawa kayar da mutum, don haka sauko a karkace, sanda a gaba. Ƙorama kan cika cikin ɗan lokaci ko da ba a yi ruwa inda kake ba, in an yi a sama.

Shingen ƙyarana da ake kewaye gonaki da shi a Filato kada a karya shi. Farin ruwansa na ƙona fata, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Maciji, kasa ko kububuwa ko gamsheƙa, ba ya neman mutum, taka shi ake yi ko a zura hannu inda ido bai gani ba. In sara ya auku, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotse. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji.

Akwai kuma abin da fitar ba ta warkarwa. In mutum ya haura mako biyu cikin ƙunci, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da yake so da ya fita ransa, ko tunanin cutar da kansa ya fara zuwa masa, wannan na likita ne, kuma akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Fitar sai ta zama ƙari a kan magani. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya tsaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya har sai likitansa ya amince da hawan dutse, musamman cikin ƙurar hunturu.

Yuli da Agusta su ne watannin da al'adar fitar kan karye, don ana iya kwana uku ana yayyafi. A irin wannan lokaci a ajiye maganar duwatsu, a koma minti 20 a ƙarƙashin rumfa ko baranda da ke fuskantar itatuwa, harabar makaranta bayan an tashi ko gefen gidan tarihi na Jos, datar waya a kashe kamar kullum, har zuwa ƙarshen Satumba da ruwa zai fara ja baya.