Yadda nake shirya lambobin iskar rana kafin na kunna kwaikwayon Mars

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauko takarda da biro. Kwaikwayon yadda iskar rana (furoton da sauran ƙwayoyi masu caji da rana ke fesowa) ke karo da Mars, wanda zai kwana biyu yana tafiya a na'ura, lambobi ƙalilan ne ke riƙe da shi, kuma ɗaya kacal ta karkace, duk abin da ya fito ya karkace tare da ita.

Da manhajar BATS-R-US ta Jami'ar Michigan nake aiki. A gwajina na farko na kwaso lambobin iskar rana na kusa da duniyarmu na zuba su yadda suke: furoton 5 a kowane santimita kubik, maganaɗisu nanotesla 5, kusurwar maganaɗisun digiri 45. Bayan kwana biyu sai na ga bangon karon da iskar ke yi a gaban Mars, wato inda take rage gudu kwatsam, ya matso ciki fiye da inda kumbo ke samunsa. Dalili kuwa, nisan Mars daga rana ya kai ninki 1.52 na namu, yawan furoton kuma yana raguwa da murabba'in nisa. Raba 5 da 2.3 (murabba'in 1.52), ka ga ka tsaya wajen 2. Gudun iskar bai canja sosai ba, kilomita 400 a daƙiƙa ya wadatar a ranar da rana ke kwance.

Maganaɗisun da iskar ke ɗauke da shi ne ke rikita sababbi. A tsarin da layin x ke nuna rana, iskar tana tafiya ta x mai ragi, don haka gudunta −400 ne. A wajen Mars ƙarfin ya sauka zuwa kusan nanotesla 3, karkacewar Parker, wato kusurwar da layukan maganaɗisun ke yi saboda juyawar rana, kuma ta buɗe zuwa digiri 56. Idan layukan na fita daga rana, Bx (ɓangaren maganaɗisun a layin x) zai zama kusan −1.7, By (na layin y) kuma 2.5. In za ka ciyar da bayanan da ke canjawa da lokaci, ka kafe Bx a lamba ɗaya a bakin shiga, in ba haka ba lissafin zai haifar da maganaɗisun da babu shi a zahiri.

Daga nan sai ɓangaren Mars ɗin kanta, wanda mutane ke yi wa gaggawa, ni kuwa nan nake daɗewa. Hasken rana mai tsananin ƙarfi shi ke fasa iskar da ke lulluɓe Mars ya samar da ayon, wato ƙwayoyi masu caji irin su O+, O2+ da CO2+, kuma Mars na kewaya daga 1.38 zuwa 1.67 na nisanmu da rana, abin da ke canja hasken da kusan kashi 45 cikin ɗari. Kada ka haɗa iskar rana ta wata shekara da sararin iska na wani yanayi daban. Nakan sa iyakar ƙasa ta kwaikwayon a kilomita 100 sama da doron Mars, ƙarƙashin inda ayon suka fi yawa. Sannan ka yanke shawara kan maganaɗisun ɓawon Mars da kumbon Mars Global Surveyor ya gano a 1997, wanda ya fi ƙarfi a kudanci wajen layin longitud digiri 180: yana fuskantar rana ne ko yana ɓangaren dare? Rubuta amsar a takardarka.

In kana son lambobin wata rana ta gaske, je bayanan kumbon MAVEN, wanda ya isa Mars a Satumba 2014. Cikin na'urorinsa, SWIA za ta ba ka yawa da gudu, MAG ta ba ka maganaɗisu. Ka tabbata ka ɗauka daga lokacin da kumbon ke wajen bangon karo, domin iskar da ta shige ciki ta riga ta rage gudu ta yi zafi.

Abu na ƙarshe da nake yi da hannu shi ne matsin iskar: 1.67 × 10⁻⁶ sau yawa sau murabba'in gudu. Furoton 2 a gudun 400 ya ba da kusan nanofaskal 0.5. Sai na fara da raga mara laushi, wato lissafi mai manyan gidaje, na awa guda, na duba ko bangon karon ya tsaya wajen ninki 1.6 na rabin faɗin Mars daga tsakiyarta ta fuskar rana. In bai tsaya nan ba, takardar nake komawa kafin na kashe kwana biyu.