Darasi na 9: Karanta Katin Asfirin Kafin a Sha

Kowa ya ɗora katin maganinsa a tafin hannu. Kada a ɓalle ƙwaya tukuna.

A cikin jini akwai ƙananan ƙwayoyi masu manne wa juna su tsayar da jini idan mutum ya yanke. Wani lokaci sukan dunƙule cikin jijiya su toshe ta, kamar shara a kwata. In jijiyar zuciya ce, bugun zuciya ke nan. In ta ƙwaƙwalwa ce, ɓarin jiki ya shanye. Asfirin da wani magani mai suna clopidogrel suna rage wannan mannewa.

Yanzu ku juya katin. Ku nemi haruffa biyu, m da g, wato miligiram, ma'aunin yawan maganin da ke cikin ƙwaya. Kafin su akwai lamba, ku ɗora yatsa a kanta. In kun ga 7 sannan 5, to 75 ce, ita likita ya fi rubuta wa mai ciwon zuciya. In kun ga 3 da sifiri biyu, 300 ce, ta ciwon kai, ninki huɗu na waccan. Ku sake dubawa. Lamba biyu ce ko uku? Baba, kada ka ji kunya, ƙirga da yatsa. Biyu: 75. Uku: 300. Inna, ɗaga naki mu gani. Madalla! A nan kowa ke tuntuɓe, don launin kwali ake dubawa, shi kuwa kwali yana canjawa. Lambar ake karantawa. Gobe ma, kafin ƙwaya ta shiga baki, yatsa a kan lamba. A kemis ma, kafin a biya kuɗi, yatsa a kan lamba.

Wa zai sha? A 1988 an fitar da sakamakon bincike kan mutum sama da 17,000 da bugun zuciya ya kama, asfirin ya rage mace-macensu sosai. A 2018 kuma an fitar da sakamakon gwada shi kan tsofaffi masu lafiya sama da 19,000 a Ostireliya da Amurka. Bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai zubar jini da ya ƙaru. Saboda haka wanda likita ya rubuta wa shi kaɗai zai sha, kullum, bayan abinci, ko da ya ji sauƙi.

Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Ba a raba wa maƙwabci, ba a ba yara. Wanda jikinsa ya shanye yanzu ba a ɗura masa, don wata shanyewar jijiya ce ta fashe, asfirin sai ya ƙara zubar jinin. A kai shi asibiti nan take.

Alamun haɗari: bayan gida baƙi ƙirin, aman jini, haɓo mai ƙin tsayawa. A je Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ko mafi kusa. Mai gyambon ciki ya gaya wa likita. Kada a haɗa asfirin da magungunan ciwon jiki, ibuprofen ko diclofenac.

Lokacin azumi: a tambayi likita, sahur ko buɗa-baki.

Aikin gida: rubuta 75 da 300, kowanne sau goma.