Kurakuran da muke yi idan yara suna ginin wasa a aji

A wani ajin nazare a Agege, Legas, na ga yara huɗu sun jera 'yan katakai daga bakin ƙofa har gindin allo. Wai gadar Third Mainland suke ginawa, kwalin ashana kuma shi ne danfo, wato bas ɗin haya. Malama ta shigo ta ce, "Kai, ba haka gada take ba, ku kawo in nuna muku." Ta gyara, gada ta miƙe tsaf, yaran kuwa suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Wannan kuskure ya fi kowanne ci mini rai, domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Da zarar babba ya sa hannu, gini ya zama nasa, shawarar da yaran ke yi a tsakaninsu ta mutu. Malama, ki tsuguna kusa da su, ki yi tambaya kawai: "A ina danfon nan zai sauke fasinja? Me za mu sa a ƙasa kada ta rushe?" In ta rushe ma, ki bari su gano dalili da kansu.

Sai tilasta haɗin kai kafin lokacinsa. Tun 1932 wata mai bincike a Amurka, Mildred Parten, ta nuna cewa wasan yara hawa-hawa ne: ɗan shekara biyu yakan yi nasa a gefen ɗan'uwansa, gini na tare da rabon aiki sai wajen shekara huɗu yake kankama. Don haka ƙaramin da ya rungume katakansa kada a kira shi marowaci. A ba shi nasa tulin, a zaunar da shi kusa da manyan yara.

Sau da yawa faɗan da ake ɗora wa tarbiyya ƙarancin kaya ne. Katako ashirin ba zai ishi yara goma ba. Ba sai an sayi na kanti ba. Kafintan unguwa zai yanka daga ragowar katako, ya goge da sanfefa, a duba kada ƙusa ta saura. Sai dai a roƙe shi ya bi awo irin wanda wata malamar makaranta, Caroline Pratt, ta fito da shi a New York: gajeru biyu su yi daidai da dogo ɗaya. Nan yaro ke fara taɓa rabi da ninki da hannunsa. Ƙananan Lego kuwa, wato 'yan bulon roba na wasa, a nisanta su da wanda bai kai shekara uku ba, yana iya haɗiyewa.

Minti goma ba ta isa. Kafin su gama shawarar wa zai zama kwandasta, an ce a kwashe. Na san azuzuwan Legas da matsi, amma tabarma ɗaya a lungu ta isa gini ya kwana, gobe a ɗora.

Kada kuma a tsawata musu don sun cakuɗa Hausa da Yarbanci da buroka. Da bakin da suka iya suke sasantawa. Kada a tura 'yan mata wajen tukwanen wasa a bar wa maza gini.

Uban da ya ce, "Malama, kuɗin karatu na biya, ba na wasa ba," ki tuna masa motar kara da tuwon ƙasa, sannan ki kira ɗansa ya ƙirga masa katakan da suka riƙe gadar.