Jitar Bas Ta Gado: Yadda Ake Gane Asalinta Da Ƙimarta Kafin A Saurari Tayi

Idan aka buɗe kayan mamaci aka tarar da doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri, wato jitar bas, abu na farko da ya kamata magada su yi shi ne su janye hannu. Kada a goge ta da fetur ko kananzir, kada a kai ta wurin mai fentin mota don ta yi kyau, kada a jefar da tsofaffin sukurorinta don sun yi tsatsa. Masu sayen tsofaffin jita ba ƙyalli suke biya ba, asali suke biya. Jitar da fentinta ya tsattsage ya koɗe a inda hannu ke gogawa ta fi wadda aka sabunta wa fenti kuɗi nesa ba kusa ba. A al'adar wannan kasuwa sabon fenti kaɗai yakan zubar da kusan rabin farashi, kuma ba ya komawa.

Ƙyalle mai laushi, busasshe, ya isa ya kawar da ƙura. Idan akwai amfilifaya a cikin kayan, ku karanta bayanta kafin ku jona: wadda aka yi don Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 take ci, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce, jonawa ɗaya za ta ƙone ta. Idan kuma jitar tana da gurbin batir mai bolt 9, kamar Music Man StingRay da ta fito a 1976, a cire tsohon batirin yanzu, domin ruwansa yana cin wayoyi.

Daga nan sai hotuna, a hasken rana amma cikin inuwa: gaba da baya, kai ta fuska biyu, farantin ƙarfen da ke bayan mahaɗar wuya da jiki, jakin da tsirkiyoyi ke hawa a gindi, duk wani tabo ko rami, da akwatin ciki da waje. Ku zazzage aljihun akwatin a hankali. Rasit, katin garanti, murfin ƙarfen da aka cire aka ajiye, hoton marigayin riƙe da jitar a dandali, duk kuɗi ne.

Wace iri ce?

Ku auna daga ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke ratsawa a ƙarshen wuya zuwa ƙarfen gicciye na 12, ku ninka biyu. Inci 34, wato kusan santimita 86, shi ne ma'aunin Fender Precision da Jazz. Inci 30 ko 30 da rabi gajeriya ce, irin Fender Mustang ta 1966, Gibson EB-0 da EB-3, ko Höfner 500/1 ta Jamus, mai jiki kamar na goge irin na Turawa, wadda mawaƙin Ingila Paul McCartney ya sa duniya ta san ta.

Sai a dubi yadda wuya ya haɗu da jiki. Fender da sukurori take ɗaurewa. Gibson da Höfner galibi da gam suke likewa. Rickenbacker 4001 kuwa wuyan ne ya zarce har gindi, aka lika fukafukai biyu a gefe. Idan kai yana ɗauke da sunan Rickenbacker 4001 amma ga sukurori a bayan wuya, kwaikwayo ce. Tambarin da ke kai shi ne shaida mafi rauni, don sitika ce da ake sayarwa a intanet, kowa na iya mannawa.

Ba kuwa duk kwaikwayo ce ta banza ba. Greco, Tokai, Ibanez da Aria na shekarun 1970 da farkon 1980, waɗanda aka yi a Japan, suna da masu nemansu. Haka Framus ta Jamus, Hagström ta Suwidin, Eko ta Italiya da Burns ta Ingila. Farashinsu bai kai na Fender ba, amma sun wuce a sayar da su a matsayin tarkace.

Shekarar Fender

A nan aikin yake, domin a nan kuɗin yake, a nan kuma aka fi yin cuta. Leo Fender ya fitar da Precision a 1951 a Fullerton ta jihar Kalifoniya, Jazz kuma a 1960. A watan Janairun 1965 kamfanin CBS ya saye Fender, wannan shekara ita ce iyakar da kasuwa ta ja: abin da aka yi kafinta ya fi tsada, na bayanta yana raguwa sannu a hankali har ƙarshen shekarun 1970.

Lambar kamfani tana ba da hanya ne kawai. A farkon shekarun tana kan jaki, daga wajen 1955 zuwa 1976 tana kan farantin bayan wuya. Lamba mai farawa da L ta 1963 zuwa 1965 ce. Farantin da ke da babban harafin F ya fara a ƙarshen 1965. Daga 1976 lambar ta koma kai, S na nufin shekarun 1970, E na 1980, N na 1990. Matsalar ita ce, ma'aikata daga kwando suke ɗibar farantan ba bisa jeri ba, kuma farantin sukurori huɗu ne kawai ke riƙe da shi, a minti biyu an canza shi. Sitikar S9 an ci gaba da manna ta har cikin farkon shekarun 1980. Fender ta Japan, wadda ta fara a 1982, ita ma ta yi amfani da harafin E, don haka a nemi rubutun ƙasar da aka yi ta. Lamba mai farawa da V a faranti kuwa tana nuna sabon bugu ne na tsohon samfuri, wanda kamfanin da kansa ya fara yi a 1982. Kamanninsa na 1957 ko 1962, amma shekarunsa ba su kai ba.

Saboda haka ake tara shaidu, kamar yadda mai sayen sa a kara ba ya tsayawa ga maganar dillali sai ya buɗe baki ya ga haƙora.

A Precision, fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, guda ɗaya ne miƙaƙƙe har 1957, daga nan ya rabu gida biyu. Jazz ta 1960 da 1961 maɓallai biyu gare ta, kowanne hawa biyu. Daga 1962 suka koma uku. Fuskar wuya ta katako mai duhu ta fara a tsakiyar 1959, mai kauri da shimfiɗaɗɗen ƙasa har tsakiyar 1962, sannan ta koma siririya mai lanƙwasa. Ana ganin bambancin a ƙarshen wuya. Ɗige-ɗigen alama masu launin yumɓu, marasa sheƙi, sun kai wajen ƙarshen 1964, bayan nan masu sheƙi suka maye su. A 1966 Jazz ta sami alamomi masu kusurwa huɗu da farin layi a gefen wuya. Sukurori uku a bayan wuyan Jazz na tsakiyar shekarun 1970 ne zuwa farkon 1980. Ɗan guntun abin dafa yatsa yana ƙasan tsirkiyoyi har wajen 1974, sannan ya koma sama. Ramuka a wurare biyu na nufin wani ya matsar da shi.

Shaida mafi ƙarfi tana gindin wuya, sai an cire shi ake gani. Idan babu mai tsayayyen hannu a cikinku, a bar wa mai gyaran jita. Yadda ake yi: a sassauta tsirkiyoyi gaba ɗaya, a kifa jitar kan tawul, a sami sukundireba mai bakin sakandami da ya zauna daidai, a sassauta kowane sukuru kaɗan-kaɗan a gicciye kafin a fitar da su duka. A ɗaga wuyan a miƙe, ba a jijjiga shi hagu da dama, don gefen gurbin ne fenti ke ɓarewa. Idan an tarar da ɗan kati ko takarda a cikin gurbin, a mai da shi inda yake, shi ke daidaita kwanciyar wuya. Kafin 1962 da fensir ake rubuta wata da shekara. Daga 1962 zuwa ƙarshen shekarun 1960 hatimi ne, misali 7 JAN 65 A. Mutane da yawa suna karanta 7 a matsayin ranar wata, alhali lambar samfuri ce: 7 Jazz, 5 Precision. Harafin ƙarshe faɗin wuya ne, A inci ɗaya da rabi, C inci ɗaya da kwata uku.

Sai bolum, wato abin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli. A jikinsa akwai lamba: 137 na kamfanin CTS, 304 na Stackpole. Lambobin da ke biye shekara ce da mako, 1376612 na nufin mako na 12 a 1966. Jita ba za ta girmi bolum ɗinta na asali ba, amma tana iya zama ƙanwarsa da shekaru: Fender ta sayi tuli a 1966 ta yi ta amfani da su har farkon shekarun 1970. Ku dubi dalmar da ke kansa. Tsohuwa ta dushe, sabuwa tana walƙiya, kuma tana faɗa muku an taɓa wurin. Wayoyi masu rigar zare na kafin wajen 1968 ne, masu rigar roba na baya.

Hattara da farantin da ke fuskar Precision ta farkon shekarun 1960. Irin robar da aka yi shi da ita tana ƙanƙancewa da tsufa, idan aka kwance shi duka aka bar shi ya kwana, ramukansa ba sa sake haɗuwa da na katako. A ɗaga, a ɗauki hoto, a mayar nan take.

Fenti shi ne ya fi wuyar tantancewa. Har wajen 1968 Fender siririn fenti take fesawa, mai tsattsagewa kamar gashi. Bayan nan mai kauri kamar gilashi. A ɗaki mai duhu, fitilar duba jabun kuɗi tana sa tsohon fentin ya yi haske kore-kore, inda aka yi faci sai ya fito da duhu. Launuka na musamman irin su Lake Placid Blue, Fiesta Red da Candy Apple Red, waɗanda a lokacin ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai ake biya a kansu, yanzu suna iya ninka farashi. Shi ya sa su aka fi yi wa jabu, kuma a kansu kada ku yanke hukunci da kanku.

Gibson da Rickenbacker sun fi sauƙi a wani gefen. Lambar Rickenbacker tana kan farantin da ake soka waya, daga 1961 zuwa 1986 harafin farko shekara (A ita ce 1961), na biyu wata. Gibson ta maimaita lambobi a shekarun 1960, don haka bolum ya fi su gaskiya. Daga 1977 zuwa 2005 lamba takwas ce, ta farko da ta biyar su ne shekara. A Gibson a haska bayan kai da tocila a nemi layin karaya, wurin nan ne rauninta.

Lafiyarta

Ku ɗora ido a kai ku leƙa tsawon wuya. Ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, kuma sandar ƙarfen da ke cikin wuya tana gyara shi. Murɗewa, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, shi ne babban ciwo. Kada ku gwada ƙarfinku a kan notin sandar. Kwatan juyi ya isa, idan ya cije a bari, don karyewarsa aiki ne mai tsada. A tsohuwar Rickenbacker 4001 ma ba a ɗaure shi haka nan, sai an fara danna wuyan da hannu, in ba haka ba fuskar wuyan ta ɗago. Sauran abubuwan da ke rage kuɗi: ramin da aka fafe don ƙara fikof, ƙarafan gicciye da aka tuge, jaki ko makunnan da aka canza aka bar ramuka. Canjin tsirkiya ba ya rage komai.

Ƙima

Farashin da mai kaya ya rubuta ba shi ne ƙima ba, abin da aka sallama shi ne. A shafukan saye da sayarwa na intanet, Reverb da eBay, a zaɓi jerin waɗanda aka riga aka sayar, a nemi samfuri ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, lafiya iri ɗaya, a duba aƙalla biyar. Mujallar Vintage Guitar tana fitar da littafin farashi duk shekara, shagon Gruhn Guitars da ke Nashville ta Amurka kuma yana ba da takardar ƙima ta hanyar hotuna, a biya. Precision ko Jazz ta kafin 1965 da ba a taɓa ba takan wuce dala 10,000. Ta shekarun 1970 'yan dubbai ce. Kwaikwayon Japan yawanci ɗaruruwa.

Wannan farashin waje ne. Shagon kayan kiɗa na gida zai yi tayi ne bisa amfanin jitar a biki ko coci, ba bisa shekarunta ba. Dillalin waje kuma zai cire ribarsa, ga la'ada, ga kuɗin jirgi da inshora. Don rabon gado, abin da zai shigo hannu bayan an cire waɗannan shi ya dace a rubuta, a gaban shaidu, musamman idan ɗaya daga cikin magada ne zai riƙe ta a cikin kasonsa. Kuma wanda ya ƙiyasta kada ya zama shi ne mai saye.

Kafin a aika ta ƙetare a binciki katakon fuskar wuya. Fender na 1959 zuwa tsakiyar shekarun 1960 suna ɗauke da katakon Barazil wanda yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da itatuwa masu fuskantar ƙarewa, ta sa a matakin kariya mafi tsanani tun 1992. Sassaucin da aka yi wa kayan kiɗa a 2019 bai shafe shi ba. Ba takardar izini, kwastan na iya ƙwace jitar.

Kafin a gama shawara, a ajiye ta cikin akwatinta, an ɗan sassauta tsirkiya, a kan kanta ba a ƙasa ba saboda gara, nesa da bangon da rana ke duka da kuma but ɗin mota. Katako ya fi son laima kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Da hunturu a sa ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin robar sabulu mai huji a aljihun akwatin, da damina a cire shi a sa ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin na cikin kwalin takalmi, a riƙa buɗe akwatin duk wata ana duba funfuna.