Yadda Ma'aurata Za Su Shirya Hutu a Motar-Gida Tare da Karensu

Motar-gida, wadda mutanen Amurka da Kanada suke kira RV, mota ce da aka gina wa ɗaki a ciki, da gado da wurin girki da banɗaki da tankunan ruwa. Wata tana da injinta, wata kuma tirela ce da ake ɗaurawa a bayan wata motar a ja. Ma'aurata masu kare suna sha'awarta domin tana raba su da wahalar neman otal mai karɓar dabbobi, tana kuma hutar da karen daga kwana a hannun baƙi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama tsara tafiya don mutum biyu, sannan a tuna da kare a ƙarshe kamar wata jakar kaya. Daga karen ya kamata a fara lissafi, saboda shi ne zai ƙayyade inda za ku kwana, da yawan sa'o'in da za ku yi kuna tuƙi, da wuraren da za ku iya shiga ku biyu a lokaci guda.

Idan haya za ku ɗauka, ku tambayi mai motar tun farko ko ya yarda da kare, ku kuma nemi a rubuta amsar a cikin yarjejeniya tare da kuɗin shara idan akwai shi. Idan tirela ce, ku sani cewa kare ba ya zama a cikinta yayin da ake tafiya, domin tana girgiza fiye da yadda ake zato, tana ɗaukar zafi, kuma babu mai ganin halin da yake ciki; wurinsa yana cikin motar da take ja, kusa da ku. Ku duba takardar da masu ƙera motar suka manna a jikinta mai nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka cikakken tanki mai lita 150 ya riga ya cinye kilo 150 kafin a lissafa mutum biyu da kare da buhun abincinsa.

Kamar wata guda kafin tashi, ku kai shi wurin likitan dabbobi. A tabbatar da cewa allurar rigakafin ciwon haukan kare ba ta ƙare ba, a ba shi maganin kaska da ƙuma, a kuma duba cewa ƙaramar na'urar shaida da ake sakawa a ƙarƙashin fatarsa tana karantuwa, kuma lambar wayar da aka yi mata rajista da ita tana aiki har yanzu. Wannan na ƙarshe shi ne abin da mutane suka fi mantawa, sai kare ya ɓata a gane cewa tsohuwar lamba ce a rubuce. Idan yana amai a mota, yanzu ne lokacin faɗa wa likita. Masu niyyar tsallaka iyaka suna da ƙarin aiki. A ƙasashen Tarayyar Turai dole ne a saka na'urar shaida kafin allurar haukan kare ko a rana ɗaya da ita, sannan a jira kwana 21 bayan allurar farko kafin a tsallaka. Birtaniya da Ailan da Finlan da Malta da Norwe suna neman a ba kare maganin tsila tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin ya shiga, sai dai wanda ya fito kai tsaye daga wasu ƙasashe ƙalilan da aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Amurka kuwa, tun daga 1 ga Agusta 2024, ba ta karɓar kare da bai kai wata shida ba, kuma sai yana da na'urar shaida da takardar da ake cikewa ta intanet, ko da daga Kanada kuke dawowa.

Bayan takardu sai sabo, kuma a nan ne haƙuri yake da amfani. Kare ba ya ɗaukar motar-gida a matsayin gida don kawai kun faɗa. Matakalarta ta ƙarfe tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, famfon ruwa yana tashi da ƙara ba zato, ƙasan kuma yana motsi duk lokacin da wani ya taka. Ku ajiye motar a ƙofar gida, ku buɗe ta, ku bar shi ya shinshina yadda yake so ba tare da an ja shi ba. Sau da yawa za ku ga ya ɗora ƙafafun gaba a kan matakala, ya miƙa wuya ciki, sannan ya ja da baya ya dube ku. Kada a tura shi, a ajiye kwanon abincinsa a bakin ƙofa, gobe a matsar da shi ciki kaɗan. Idan ya fara ci a ciki hankali kwance, a shimfiɗa masa bargon da ya saba kwana a kai, wanda ba a wanke ba, domin warinsa ne ake buƙata. Daga nan a kunna injin ba tare da an motsa ba, sai gajeren zagaye na minti goma, sai kwana ɗaya a wani wuri kusa. Wannan kwanan gwaji zai nuna muku abin da kuka manta tun kuna da damar komawa ku ɗauko. Idan kuwa bayan makonni karen yana ta rawar jiki da zubar da miyau duk lokacin da ya shiga, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: a bar shi wurin wanda ya sani, ko a sauya irin hutun.

Wajen zaɓen masauki, ku karanta dokar dabbobi ta kowane filin zango, wato wurin da ake ajiye motar-gida a kwana, kafin ku biya kuɗi, domin wasu suna ƙayyade yawan karnuka, wasu suna hana wasu jinsuna, da yawa kuma suna hana a bar kare shi kaɗai. Manyan gandun daji na Amurka misali ne mai kyau na yadda doka take bambanta. A dukkansu igiyar kare ba za ta wuce ƙafa shida ba, wato kusan mita 1.8. A Yellowstone ba a yarda kare ya yi nisan da ya wuce ƙafa 100 daga titi ko wurin ajiye mota ko filin zango ba, kuma ba ya hawa hanyoyin ƙafa ko gadojin katako da suke kewaye da maɓuɓɓugan ruwan zafi. Ma'anar wannan ga mutum biyu ita ce, ɗaya zai je ya kalla, ɗaya ya zauna da kare, sannan a yi musaya. A Acadia kuwa, a jihar Maine, akwai kimanin mil 100 na hanyoyin ƙafa da mil 45 na tsofaffin hanyoyin keken doki da aka yarda kare ya bi da igiyarsa. Wanda ya san wannan tun yana gida ba zai tuƙa kwana uku don ya ƙare yana zagaya wurin ajiye motoci ba. Filayen zango na gwamnatin tarayya da yawa suna buɗe rajista wata shida kafin ranar a shafin Recreation.gov, kuma masu farin jini suna cika da wuri.

A kan hanya, a ɗaure shi. Ko dai keji da aka kafe sosai a jikin motar, ko ɗamarar ƙirji da ake haɗawa da bel ɗin kujera. Kada a taɓa haɗa bel da abin wuyansa. Karen da yake yawo a sake zai iya shiga ƙarƙashin ƙafar direba, kuma idan aka taka birki da ƙarfi shi ne zai fara tashi sama. A ba shi abinci awa uku ko huɗu kafin tashi, a tsaya duk bayan kamar awa biyu ya sha ruwa ya yi fitsari, kuma a maƙala igiya kafin a buɗe ƙofa, ba bayan an buɗe ba. A ra'ayina tuƙin awa huɗu zuwa biyar a rana ya isa, musamman don a isa masauki da sauran rana.

Babban haɗarin wannan tafiya zafi ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, kuma haki ba ya aiki idan iskar da yake shaƙa ita ma mai zafi ce. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗan wani abu a ma'aunin Salshiyas, kuma idan ya haura 41 gaɓoɓin cikinsa suna fara lalacewa. Ƙaramar mota da aka rufe a rana tana iya ƙara kusan digiri 11 cikin minti goma, kuma ɗan buɗe taga ba ya canza wannan sosai. Motar-gida tana ɗaukar lokaci fiye da haka, amma ita ma akwati ce a ƙarƙashin rana, sanyinta kuma ya dogara ne kacokan ga igiyar wuta guda ɗaya da aka jona a jikin sandar filin zango. A Amurka wannan wuta takan zo da amfiya 30 ko 50, wato ma'aunin yawan wutar da za a iya ja a lokaci guda. Mai amfiya 30 tana ba da wat 3,600 ne kawai, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana cin kusan rabin wannan, don haka idan na'urar ɗuma ruwa ta lantarki da firji suka tashi tare da ita, makunnin kariya zai iya faɗuwa. Idan kuna ciki za ku ji shiru ya sauka, ku fita ku mayar da shi. Idan kuna can bakin tafki, babu mai mayarwa, kuma batiran motar na yau da kullum ba sa iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki.

Saboda haka, idan doka ta yarda kuma dole ta sa za ku bar shi, ku kashe duk abin da yake cin wuta ban da na'urar sanyi, ku sauke labule, ku bar fankar rufi wadda take aiki da batir a kunne a matsayin madogara ta biyu, ku cika kwanon ruwa biyu, ku ba maƙwabci ko ofishin filin lambar wayarku. Akwai ƙananan na'urori masu aiko da saƙo a waya idan zafin ɗaki ya haura, kuma suna da amfani, sai dai suna buƙatar hanyar sadarwa, wadda ita ce ta fi rauni a daji. Ku gwada ta a wurin kafin ku dogara da ita. Karnuka masu gajeren hanci, da tsofaffi, da masu ƙiba, ni ban ga dalilin barinsu su kaɗai a lokacin zafi ba ko na rabin awa. Idan kuka tarar yana haki mai tsanani, miyau yana dalala, dasashinsa ya yi ja wur, yana tangaɗi, to ku fara sanyaya shi nan take kafin ku kama hanyar asibiti: a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa mai sanyi, a sa fanka ta buga shi, kada kuma a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul domin yana riƙe zafi. Wannan ne ya sa ake neman adireshin asibitin dabbobi mafi kusa a ranar da aka sauka.

Lokacin sauka shi ne lokacin da karnuka suka fi ɓacewa, saboda hankalin mutum biyun duka yana kan mota: ɗaya yana baya da ita, ɗaya yana tsaye yana ba da hannu, ƙofa kuma a buɗe. Ku bar shi a ɗaure a wurinsa har sai an gama daidaita motar, an jona wuta da ruwa. Daga nan ɗayanku ya zaga da shi, ɗayan ya duba ƙasa, musamman wurin hura wuta, inda baƙin da suka tashi sukan bar ƙasusuwan kaza da tsinken gasa nama da fasasshen gilashi. Ku rubuta sunan filin da lambar wurinku a kan ɗan tef, ku manna a abin wuyansa. Ku kuma yanke tun daga gida wanda zai fitar da shi da asuba da wanda zai fitar da shi kafin barci, domin gardamar da ake yi a kan haka cikin ɗaki mai faɗin taku biyu ba ta da wurin hucewa.

Sauran kulawar ta kullum ce. Ku tafi da abincin da ya saba har da rarar kwana biyu ko uku, saboda sauya abinci a hanya yana kawo gudawa. Ku shayar da shi daga ruwanku, kamar mililita 50 zuwa 60 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, fiye da haka idan ana zafi, kuma ku hana shi tafkin da samansa ya yi kore kamar an zuba fenti, domin irin wannan gansakuka tana iya kashe kare cikin sa'o'i. Inabi da busasshensa, da albasa, da cakulan, da cingam mai sinadarin zailitol duk guba ne a gare shi, kuma a ƙaramin ɗaki komai yana daidai hancinsa. Kowane dare ku bi jikinsa da yatsu, bayan kunne da hammata da tsakanin yatsun ƙafa. Idan kun sami kaska, ku kama ta da hantsaki daf da fata ku ja a miƙe, ba tare da ƙonawa ko murɗawa ba. Kada a bar kwanonsa a waje, domin warin abinci yana kiran namun daji.

Yawancin filaye suna da lokacin shiru, sau da yawa daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, kuma bangon motar-gida ba ya tare haushi. Karen da ya yi doguwar tafiya da yamma yakan yi barci, kuma sauke labulen tagar da take kallon hanya yana rage abin da zai yi wa haushi. Kafin ku kwanta ku tabbatar da na'urar gano hayaƙin gas da ta gano iskar kabon monoksaid mai guba suna aiki, ku rataye igiyarsa da tocila a jikin ƙofa inda hannu zai same su a cikin duhu. Ranar tashi kuma, bayan an kwashe kashinsa an naɗe igiyoyi, ku saka shi a keji kafin a janye ɓangaren ɗakin da yake zamewa waje don ƙara fili, idan motarku tana da shi, saboda karnuka suna son kwanciya a daidai wannan lungu, kuma injin da yake janye shi ba ya jin akwai wani abu a gabansa.